Amsoshin Tambayoyinku: Buenos Aires, masallaci da batun nama

Jama'a masu sauraro, barkanmu da warhaka. Wasiƙun yau duk a kan Buenos Aires suke, babban birnin Ajantina, lokaci kuma ga shi kaɗan, sai mu shiga kai tsaye.

Wani malami daga Damagaram yana tambayar wane wata ya fi daɗin zuwa. Malam, yanayinsu a juye yake: Janairu da muke rawar ɗari su gumi suke sha, Yuli kuma sanyi. Ni dai da Oktoba ko Nuwamba zan je.

Wani matashi daga Funtuwa ya cika shafi biyu cur a kan Maradona. Haba ɗana! Ƙasar da ta lallasa Najeriya sau biyar a gasar cin kofin duniya, daga 1994 zuwa 2018, ita ce ta shiga ranka? To shi ke nan. Filin Boca Juniors, ƙungiyar da Maradona ya buga wa ƙwallo, wato La Bombonera, yana unguwar La Boca, tun 1940 ake taka leda a cikinsa. Kusa da shi akwai layin Caminito mai gidajen kwano da fenti kala-kala. Da rana za ka je, kuma ban da kutsawa lunguna kana ɗaga waya sama.

Sai tambayar da ta fi yawa, daga Kano, Maraɗi, Kumasi, har da wata Hajiya daga Garwa: akwai masallaci, kuma me Musulmi zai ci?

Akwai masallaci. In sake faɗa, akwai, katafare ma. Cibiyar Sarki Fahd ce, a unguwar Palermo. Saudiyya ta gina ta a filin da gwamnatin Carlos Menem, shugaban Ajantina na lokacin, ta bayar, aka buɗe a 2000, kuma ana Juma'a a can. Batun abinci kuwa, ga baƙonmu nan da ya zauna a garin. Alhaji, bismilla.

"To, su mutanen nan nama ne abincinsu. Asado suke ce wa gashinsu, a hankali a kan garwashi, daga gishiri ba a ƙara komai. Ranar farko na ce a barbaɗa min yaji, mai gashin ya saki baki yana kallona. Ga kuma mate, wani ganye mai ɗaci da ake jiƙawa a ɗan ƙoƙo, a zuƙa da bututun ƙarfe, ya zagaya daga wannan baki zuwa wancan..."

Alhaji, Hajiya fa halal ta tambaya.

"E, ai can na nufa. Akwai chorizo, niƙaƙƙen nama ne ake durawa a hanji, yawanci da alade a ciki. Morcilla kuwa da jini ake yin ta. Kuma sau da yawa a raga ɗaya ake gasa su da naman sa. In an idar da Juma'a sai a tambayi 'yan'uwa inda ake samun yankakke."

Kin ji ko, Hajiya? Chorizo da morcilla, rubuta su a takarda. Kafin ki gano mahaucin, ki lallaɓa da kifi da ƙwai.

Wata ɗaliba daga Sakkwato tana son wuri ɗaya tak na tarihi. Dandalin Plaza de Mayo, gaban fadar shugaban ƙasa, Casa Rosada. Ki je ranar Alhamis da yamma. Tun 1977 iyaye mata masu fararen ɗankwali ke zagaya wurin saboda 'ya'yansu da mulkin soja ya ɓatar.

Mai tambayar biza, yi haƙuri sai mako mai zuwa, injiniya tun ɗazu yake nuna min agogo.