Hirar Tsakar Gida: ranar da Anti Hadiza ta dafa jini a jikin shadda

Zainab: Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da sake haɗuwa. Yau dai Anti Hadiza tun daga bakin ƙofa ta shigo mana da ƙorafi, ko gaisawa ba mu gama ba.

Anti Hadiza: Ai dole Zainab. Ranar layya maigidan ya tsaya wajen fiɗa da farar shaddarsa, na ce ya cire ya ƙi, jini ya fallatsar masa a hannun riga, ni kuma da wayona na tafasa ruwa na zuba omo na ƙara bilic na tsunduma ta ciki, wallahi tabon sai ya koma ruwan ƙasa ya zauna daram kamar da shi aka saƙa yadin.

Malam Bashir: Anti ai dafa jinin kika yi.

Anti Hadiza: Dafawa kuma Malam?

Malam Bashir: Ƙwarai. Ki fasa ƙwai a ruwan zafi ki gani, nan take zai daskare, to jini ma furotin ne irinsa, zafi na taɓa shi sai ya ƙanƙame zaren. Sannan abin da zai cinye miki shi a cikin omon, wato enzayim, kin kashe shi sau biyu, da tafasasshen ruwa da kuma bilic.

Zainab: Tsaya Malam, kar ka mayar da mu aji. Menene enzayim ɗin da Hausar kasuwa?

Malam Bashir: Kin san yadda ake naɗe nama mai tauri a ganyen gwanda ya yi laushi? Akwai wani sinadari a gwandar, papain, shi ke yayyanka furotin ɗin naman. Ko ki tauna burodi ki daɗe ba ki haɗiye ba, za ki ji ya fara zaƙi, wannan amilas ne na cikin yawu yake farfasa sitaci. Irin su ake sakawa a sabulun wanki su daddatsa datti ƙanana-ƙanana ruwa ya tafi da shi. Kuma ba sabon abu ba ne fa, wani Bajamushe Otto Röhm tun 1913 ya yi rajistar dabarar, a lokacin daga cikin dabbobin da aka yanka yake samo shi. Sai a shekarun 1960 kamfanin Novo na Denmak ya fara samar da shi da yawa daga bakteriya.

Anti Hadiza: To ni a ina zan gan shi, ni da nake sayen ƙullin omo a shagon layi?

Malam Bashir: Ki sayi na leda ki juya bayansa. In kin ga an rubuta protease to na jini ne da ƙwai da madara da tumbuɗin jariri da dauɗar wuyan riga. Amylase na koko da kunu da miyar da aka kaɗa da gari. Lipase na maiƙo. Kowanne abincinsa daban, na sitaci ba ruwansa da jini ko za a kwana.

Zainab: Manja fa? Don ni shi ne abokin gabata.

Malam Bashir: Lipase zai fasa man, amma jan nan launi ne, sau da yawa sai kin shanya a rana ya dushe. Goro kuwa da lalle da tsatsa, kar ma ki ɓata kuɗinki, ba aikinsa ba ne.

Anti Hadiza: Kash, ga maigidan da goro.

Malam Bashir: Sai haƙuri Anti. Amma babban abin da ke hana mu cin moriyarsa gaggawa ce, a zuba omo a cuɗa minti biyu a ɗauraye a ce bai da kyau. Shi jiƙo yake so. A fara ɗauraye jinin da ruwan sanyi, sannan a jiƙa a ruwa mai ɗumi-ɗumi wanda hannu zai zauna ciki lafiya, kamar digiri 30 zuwa 40, a bar shi rabin awa ko fiye a je a yi wani aikin.

Zainab: Na tuna katifar Abba ƙanina, yana fitsarin kwance muna ta fesa turare, warin yana dawowa duk ranar da aka yi hadari.

Malam Bashir: Turare rufewa kawai yake. Akwai na feshi mai enzayim da ake yi don irin wannan, amma sai an jiƙa wurin sosai ya kai har inda fitsarin ya kai cikin soson, a rufe da leda kar ya bushe da wuri, don da ya bushe aikinsa ya tsaya. Bayan nan sai a fitar da ita rana.

Anti Hadiza: Mayafina na siliki ma zan iya jiƙawa?

Malam Bashir: A'a kar ki soma! Siliki na asali da ulu su kansu furotin ne, protease bai san bambancin jini da mayafinki ba, a hankali zai cinye zaren. Kuma in fatar hannunki na saurin tsagewa ki sa safar roba.

Anti Hadiza: To shaddar tamu fa, akwai sauran rai?

Malam Bashir: Ki gwada jiƙo na dare ɗaya, sau biyu ko uku, kuma kar guga ta taɓa wurin. In ya ƙi, ki kai ta Ƙofar Mata a rina masa ita shuɗiya.

Anti Hadiza: Shi zai biya kuɗin rinin kuwa, tunda ni dai na ce ya cire.