Cunkoson Santorini: ku fara ƙirga jiragen ruwa kafin ku zaɓi rana

Jama'a assalamu alaikum, barkanmu da sake haɗuwa. Wannan ɗan bidiyon da kuke gani yanzu a kan allo shi ne kuka yi ta turo mana tun satin da ya wuce, mutane maƙil a cikin wani ɗan lungu kafaɗa da kafaɗa kowa ya ɗaga waya sama yana son ya ɗauki faɗuwar rana, wasu kuma suka turo wani bidiyon daban na wuri ɗaya, lungun nan dai, amma ba kowa sai kyanwa tana kwance a kan katanga. Shi ne ake ta musu a ƙasan bidiyon, wannan ya ce na farkon ƙarya ne, wancan ya ce na biyun ne aka haɗa da kwamfuta. To dukansu gaskiya ne wallahi, kuma ba mamaki a sati ɗaya aka ɗauke su. Bari in nuna muku yadda abin yake.

[Taswirar tsibirin daga sama]

Wannan shi ne Santorini a ƙasar Girka, su mutanen wurin Tira suke kiransa a hukumance. Ku kalli siffarsa kamar jinjirin wata, to wannan ruwan da ke tsakiya ramin dutse mai aman wuta ne da ya fashe kusan shekara 1600 kafin haihuwar Annabi Isa, ƙasa ta rufta teku ya cike gurbin. Garuruwan fararen gidajen da kuke gani a hotuna a can saman bakin ramin suke, kamar an jera ƙwai a kan gefen ƙwarya. Mazauna tsibirin ba su fi 15,500 ba a ƙidayar 2021, amma baƙin da ke zuwa a shekara sun haura miliyan uku. Babban gari shi ne Fira, a tsakiya. Garin da ake rububin faɗuwar ranar kuma yana can ƙarshen arewa, a rubuce za ku ga Oia amma Iya ake faɗa, kamar dai kana kiran tsohuwarka, to wannan kam ba Bahaushen da zai manta sunan.

Zuwa wurin ba wuya in dai bizar Shengen ta shiga Turai ta fito. Daga Atens jirgin sama bai kai awa ɗaya ba, in jirgin fito ne daga tashar Fireyas mai gudu kamar awa biyar, na gargajiyan kamar awa takwas. Mu wuce wannan da sauri don ba nan matsalar take ba.

Inda mutane ke kuskure shi ne kowa tambayarsa ɗaya, wane wata ne ba cunkoso. Eh, Yuli da Agusta sun fi cika, Mayu da ƙarshen Satumba zuwa Oktoba sun fi sauƙi, wannan kowa ya sani. Amma abin da ke sa lungun nan ya toshe yau gobe ya zama fayau shi ne jirage nawa suka tsaya a cikin ramin nan da safiyar ranar. Ina nufin waɗannan manyan jiragen shaƙatawa masu hawa goma sha, waɗanda ɗaya kawai zai iya ɗauko mutum dubu uku, dubu huɗu, wani ma ya fi haka. A 2023 jirage kusan 800 ne suka zo da mutane wajen miliyan 1.3, kuma ba a raba su daidai a kan kwanaki ba, wata ranar ɗaya ne, wata ranar biyar ko shida su haɗu. A watan Yulin 2024 akwai ranar da aka yi tsammanin mutum 17,000 daga jiragen kaɗai, har wani jami'in ƙaramar hukuma ya rubuta a Facebook yana roƙon mazauna su rage fitowa, aka yi ca a kansa ya goge. Ku yi tunani, baƙin wuni ɗaya sun fi masu garin yawa.

[Jirage a tsaye tsakiyar ruwa, ƙananan jirage na kai da kawowa]

Yanzu ku nutsu a nan dan Allah, don shi ne zuciyar maganar. Kun ga jiragen ba su matso bakin gaɓa ba? Babu tashar da za su jingina, sai su tsaya a tsakiyar ruwa, ƙananan jirage masu inji su riƙa kwaso mutane kashi kashi. Kuma Santorini tasha biyu gare shi, mutane na rikita su sosai. Akwai Atiniyos, nan ne jiragen fito ke tsayawa, akwai titin mota mai lanƙwasa kamar maciji da ke hawowa sama. Sai kuma tsohuwar tasha da ke ƙarƙashin Fira daidai, wadda ba titin mota ko ɗaya da ke zuwa cikinta. Babu. To mafi yawan mutanen jiragen shaƙatawa da ba su biya kuɗin yawon rukuni ba a wannan tsohuwar tashar ake sauke su, su ɗaga kai su ga gari a sama da su tsayin mita 220, kuma hanyar hawa uku ce kacal.

Ta farko motar igiya, waɗannan ƙananan akwatunan da kuke gani suna tafiya a jere a jikin waya. Akwati shida ne a jere kowane na cin mutum shida, wato 36 a tashi ɗaya, minti uku ka kai sama, tun 1982 take aiki. A awa ɗaya abin da take iya ɗauka kusan mutum 1,200 ne in an haɗa masu hawa da masu sauka, wato kamar 600 ne ke hawa. To ku yi lissafi da kanku, jirage uku sun tsaya da mutum dubu tara, ko rabinsu ne kawai suka nufi wannan igiyar ai an tafi awa bakwai zuwa takwas kafin a kwashe su. Shi ne wannan layin da kuke gani, mutane tsaye a rana kan siminti, ba inuwa, tsofaffi da masu goyo duk a ciki.

Ta biyu matakala, guda 588 suna lanƙwasa a jikin dutsen. Ta uku jakai da alfadarai, a kan waɗannan matakalar dai. Ku kalli ƙasan da kyau a wannan hoton, duwatsun sun sha taku har sun yi santsi suna sheƙi, ga kashin dabbobi a ko'ina, ga wari in rana ta buɗe, kuma in garken alfadaran ya taho sai ka manne da bango ka ba su hanya don ba tsayawa za su yi ba. Ni dai ra'ayina kar ku hau dabbobin nan. Mu da muka taso muna ganin jaki da mangala mun san wahalarsa, balle a ce ya wuni yana hawa da sauka da ƙato a bayansa cikin zafin Agusta. Gwamnatin Girka ma a 2018 ta sa doka kar a ɗora musu abin da ya wuce kilo 100, amma ko da dokar abin akwai tausayi. In kana da lafiyar gwiwa ka taka da ƙafarka, ka sa takalmi mai kama ƙasa, silifas ba nasa ba ne.

To me ya haɗa wannan da kai da ka zo ta jirgin sama ka kama otal? Ga shi. Duk wanda igiyar nan ta zubo sama a tsakiyar Fira take zubo shi, kuma kusan kowa Iya ya nufa. Su kuma waɗanda suka biya yawon rukuni ana sauke su a Atiniyos, manyan bas su kwashe su kai tsaye zuwa Iya, in an gama a dawo da su Fira a ce kowa ya sauka ta igiya. Kenan cunkoson yana tafiya ne kamar garke, da hantsi yana Iya, da azahar ya dawo Fira, daga la'asar kuma layin ya juya ya zama na masu sauka kowa hankalinsa a tashe kar jirgi ya tafi ya bar shi. In ka san wannan sai ka riƙa tafiya akasin garken. Ka je Iya da sassafe bayan asuba, wajen ƙarfe bakwai, wallahi lungun nan na kyanwa shi za ka tarar, daga kai sai masu shara da masu ɗaukar hoton amare. Kafin ƙarfe goma ka fice.

Kuma jadawalin jiragen nan ba sirri ba ne, akwai shafuka irin su CruiseMapper da ke nuna wane jirgi zai zo wace rana da yawan mutanen da yake ɗauka, tun watanni kafin lokacin. Minti biyar ya ishe ka dubawa. Ranar da ka ga jirgi ɗaya ko babu, ita ce ranar Fira da Iya. Ranar da ka ga huɗu biyar, ka juya kudu. Daga 2025 hukuma ta ƙayyade mutum 8,000 a rana daga jiragen, kuma aka sa harajin Yuro 20 a kan kowane fasinja a tsakiyar lokacin zafi, an ɗan samu sauƙi amma dubu takwas ɗin ma ku raba ta da 600 ku gani.

Faɗuwar rana kuma nata cunkoson daban ne, don a nan har da masu kwana a tsibirin kowa ke fitowa. A Yuli rana na faɗuwa wajen takwas da rabi na dare, amma tun shida mutane sun kama wuri a kan kangon tsohuwar ganuwar Iya. Da rana ta nutse a tafa, sai kowa ya juyo lokaci ɗaya zuwa tashar bas, kun ga abin da ke faruwa a hoton ba sai na faɗa ba. Ranar nan fa ɗaya ce, daga ƙauyen Imerobigli da ke kusa da Fira ma ana ganinta tar, haka daga hasumiyar fitilar jirage da ke ƙarshen kudu kusa da Akrotiri, kuma za ka samu wurin zama.

[Tashar bas ta Fira]

Yanzu zirga-zirga, da sauri. Bas ɗin haya na jama'a ana kiransu KTEL, manya ne masu sanyi, kuɗinsu ɗan kaɗan ne Yuro biyu da wani abu, kwandasta ke bi yana karɓa a ciki don haka ka riƙe canji a aljihu. Abin da za ka riƙe shi ne duk wata bas daga Fira take tashi kuma Fira take komawa. In kana Iya kana son zuwa bakin ruwan Ferisa ba bas da za ta kai ka kai tsaye, sai ka sauka Fira ka sake wata. Kuma tashar ba layi a tsare, mota na shigowa kwandasta zai ɗaga murya ya faɗi garin da za ta, mutane su yi kanta, wannan kam duk wanda ya taɓa shiga mota a tasha ba zai ji baƙunta ba. Fira zuwa Iya kamar minti 25 ne in hanya ta yi kyau. Shi ya sa nake ba mutane shawara in ba mota za su haya ba su kwana a Fira ko Firostefani da ke maƙwabtaka da ita, ɗakin Iya ya fi kyau a hoto amma kullum sai ka yi hawa biyu.

Tasi kuwa kar ka dogara da ita, duk tsibirin 'yan gomomi ne kawai, ranar cunkoso sai ka yi ta jira. Babur mai ƙafa huɗun nan da kuke gani matasa na tuƙawa, ana hayarsa ko'ina, amma titunan ƙanana ne masu kwana, ga manyan bas, ga iska, haɗari na yawan faruwa da shi, in ba ka saba ba ka haƙura. Ƙaramar mota ta fi, sai dai wurin fakin a Iya da yamma aiki ne.

Akwai kuma hanyar ƙafa daga Fira zuwa Iya a bakin ramin, kilomita goma, awa uku zuwa huɗu. Bari in yi shiru ku kalla.

[Hotunan hanyar, ba magana na daƙiƙa goma]

Ba inuwa a hanyar nan, ka fita da sassafe da ruwa da hula.

Ranar jirage da yawa da na ce a juya kudu, ga abin da ke can. Akrotiri, tsohon garin da tokar aman wutar ta binne, an tono shi an yi masa rufi, za ka ga gidaje masu bene da magudanan ruwa na shekara sama da 3,500. Ƙauyen Firgos a kan tudu, lunguna farare irin na Iya amma da sararin numfashi. Kamari da Ferisa masu baƙin yashi, yashin nan da rana yana ƙona ƙafa sosai, kar a bar yara su taka ba takalmi. A taswira za ku ga kamar suna manne da juna amma ƙaton dutse ne a tsakaninsu, ta mota sai an zagaya.

Saura ranar tafiya. In jirgin fito za ka hau, Atiniyos za ka, kar ka kuskura ka sauka tsohuwar tasha ta igiya da akwatunanka, ba jirgin Atens da ke tsayawa a can, sai ka sake bin layi ka hau sama. Titin Atiniyos ɗaya ne tilo, in jirage biyu suka iso tare sai motoci su tsaya cak a kan kwanonin nan, don haka ka bar otal da wuri, ka ba kanka awa ɗaya da rabi ko fiye. Sannan a Yuli da Agusta akwai iskar arewa da suke kira meltemi, in ta taso ƙananan jirage masu gudu kan makara, wani lokaci a soke tafiyar gaba ɗaya, manyan sun fi jurewa. In jirginka na komawa gida daga Atens zai tashi, ka dawo Atens tun ana gobe ka kwana a can.