Me ya sa itacen lofe ke wuyar samu?

Ku dubi wannan ƙullutun da aka tono, kamar ƙaton doya da ya sha ƙasa. Shi ne biraya, itacen da ake sassaƙa lofen shan taba da shi. Ba reshe ba ne, ba kuma saiwa ba. Dunƙule ne da ke tsakanin saiwa da gindin wata ƙaramar bishiya mai suna Erica arborea, wadda ke fitowa da kanta a tsaunukan gefen Bahar Rum: Italiya, Girka, Sifaniya, Aljeriya da tsibirin Kosika. A cikinsa take ajiye ruwa don rani.

Ana ta yaɗa cewa bishiyar ce ta ƙare. Tana nan. Masu tonon ne suka yi ƙaranci. Dunƙulen kan kai shekara 30 ko fiye kafin ya yi girman aiki, ba a shuka shi a gona, kuma da diga da gatari ake ciro shi a kan gangare. Wane matashi ne zai bar aikin gari ya rungumi wannan? Ga gobarar daji, ga neman izinin hukumar gandun daji.

To, an tono, an yayyafa masa ruwa kada ya tsage, an kai gaban zarto. Ku lura da hannun mai yankan, da ido yake bin zanen itacen. Ku kuma dubi tulin da yake jefarwa gefe: ruɓa, ramin ƙwari, tsakuwar da dunƙulen ya haɗiye yana girma.

Yanzu ga inda ake ruɗewa. Mutane na cewa, tunda kaya ya yi wuya, a zuba shi a tanda mana ya bushe da wuri. Ai ba busarwa ake fara yi ba, dafawa ake yi. Ana zuba yankakkun a ƙatuwar tukunya, bisa al'ada ta jan ƙarfe, a tafasa su awa 12 zuwa kwana guda. Kun ga yadda ruwan ya koma ja kamar shayin da aka manta a wuta? Ruwan itacen ne da ƙaronsa ke fita. In aka bar su a ciki, duk sanda lofen ya ɗau zafi sai ɗaci da bauri su biyo hayaƙin, kuma goge bayansa da man ƙyalli ba ya gyara wannan.

Bayan dafawa sai a shimfiɗa su a rumfa, ba rana, ba iska mai kaɗawa, ana juya su lokaci zuwa lokaci. Wata da watanni, sau da yawa fiye da shekara. Dalili? Bayan itacen ya fi cikinsa saurin bushewa. Bayan na ƙanƙancewa, cikin na nan a kumbure da laima, sai ya dare. Wani tsagin ma ba a ganinsa sai an kusa gama sassaƙa. Wanda kuma aka huda da sauran laima, yakan ci gaba da motsi bayan an gama, bakin lofen ya daina zama daram a raminsa. Shi ya sa masassaƙa da yawa ke ƙara ajiye nasu shekaru. A ganina, mai sayar da biraya da ke alfahari da saurin kawo kaya, a auna nauyin kayansa tukuna, domin mai sauran laima ya fi nauyi.

Sauran a gurguje. Mai miƙaƙƙen zane, marar tabo, shi ake gogewa sumul, shi ne mai tsada. Mai ƙananan ramukan yashi ana cike shi da abin liƙi, ko a fesa masa yashi da ƙarfin iska ya yi kaushi-kaushi, salon da kamfanin lofe na Dunhill ya fito da shi a 1917.

Ƙarancin ma ba yau ya fara ba. Tun da garin San Kulod na Faransa ya rungumi biraya wajen shekarun 1850 ake dogaro da dazuzzukan yanki ɗaya, na gefen Bahar Rum. A Yaƙin Duniya na Biyu hanyar jiragen ruwa ta toshe, Amurkawa suka koma ga itatuwan gida irin su manzanita na Kalifoniya. Yaƙi na ƙarewa suka dawo wa biraya. Yau wasu na gwada zaitun, wasu tsohon itacen da aka tono daga taɓo. Kowanne aka zuba wa taba dai, illarta ga baki da maƙogwaro tana nan.