Yau Zan Nuna Muku Yadda Na Fara Haɗa Harsashin Farauta Da Hannuna A Wisconsin

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da war haka, da fatan kowa yana lafiya. Yau ba waje za mu fita ba, muna ɗakin ƙasa na gidana nan Wisconsin, ku yi haƙuri da ƙarar injin ɗumama gida, sanyi ya fara shigowa. Wancan bidiyon da na je dajin farauta mutane da yawa sun ce wai da gaske ne ni nake haɗa harsashina? Eh da gaske ne, wannan ce shekarata ta biyu.

Kafin komai, a nan doka ta yarda mutum ya haɗa na amfanin kansa, kuma ni sai da na yi kwas ɗin mafarauta na karɓi lasisin farauta tukunna. A Najeriya ba haka ba ne, riƙe harsashi ba lasisi laifi ne babba, balle halin da muke ciki a Arewa, don Allah kada wani ya ce zai gwada a gida.

Abin da ya ja ni ciki shi ne 2020 zuwa 2021, lokacin korona harsashi ya yi wuya a Amurka, ka shiga shago ka tarar da kanta wayam. Maƙwabcina wani dattijo ne da ya yi ritaya, shi ko a jikinsa, ya ce in zo in ga abu. Da na ga yana auna albarushi da ɗan sikeli wallahi sai na tuna mafarautan garinmu da bindigar toka, yadda suke ɗura ta ta baki su danna da sanda. Sai dai su da ido suke ƙiyastawa, wannan kuwa ido ba ya aiki sam.

To ga bindigar tawa, .308 Winchester take ci, tun 1952 aka fito da irin harsashin nan kuma ya ishi barewar nan yankin. Abu huɗu ne a cikinsa, kwanson tagulla, ɗan firaima da ke gindi wanda allura ke bugawa ya ba da wuta, albarushi, sai kan harsashin. In ka harba ukun sun gama aiki, kwanso ya rage, shi ake tsincewa a wanke a sake amfani da shi sau da dama, shi ya sa kuke ganin gwangwanin nan cike.

Wannan koren ƙarfen da na ɗaure a tebur injin matsawa ne na kamfanin RCBS, na hannu na saya wajen dattijon. Kwanso in an harba yana ɗan buɗewa, sai ka shafa masa mai ka matsa shi cikin mazubinsa ya koma daidai, tsohon firaiman ya faɗo. Ranar farko na manta man nan a guda ɗaya, ya maƙale ƙam, na ja na ja har gindinsa ya yage, sai washegari muka ciro shi, raina ya ɓaci sosai amma gara kuskuren ya zo a nan da ya zo a wajen albarushi.

Nan ne nake so ku nutsu. Ba da giram ake aunawa ba, da giren ne, giren 7000 ne ke yin nauyin fam ɗaya, kun ga ƙanƙantarsa. Kowane albarushi da saurin cinsa, na ƙaramar bindiga yana ci da sauri, ka zuba shi a wannan kwanson bindiga na iya tarwatsewa a fuskarka. Saboda haka gwangwani ɗaya kawai nake ɗorawa a tebur, waya a kashe, yara a sama, tabarau a ido. Kuma ba zan faɗi adadin da nake zubawa ba ko an tambaye ni, littafin kamfanonin da suka yi gwaji ake bi, Hodgdon da Hornady duk suna fitar da nasu, ka fara daga mafi ƙaranci ka riƙa ƙarawa kaɗan kaɗan kana duba kwanso, in firaima ya baje ko sakatar bindiga ta yi tauri wajen buɗewa to ka tsaya nan. Ina gamawa nake haska tocila cikin kowane kwanso, don wanda ba albarushi ma haɗari ne, kan harsashin zai tsaya a tsakiyar bututu na gaba ya zo ya same shi.

Maganar arha kuwa, gaskiya ni har yanzu ban mayar da kuɗin kayan aiki ba, mai harba kwali ɗaya a shekara ya ci gaba da saye kawai. Ni abin da ya riƙe ni daban ne. Barewa rai ce, in na yi bismilla na ja kunama ina so ya sauka inda na nufa ta faɗi nan take, in na same ta da sauran rai in yanka, ba ta gudu da rauni ta kwana tana wahala a daji ba. Bara na ga hakan ta faru da wani, mun bi jini har duhu ba mu same ta ba, abin ya daɗe yana damuna. Wanda na haɗa da kaina na gwada shi a wannan bindigar, na san inda yake zuwa a yadi 100.

Lokacin farautar barewa da bindiga a nan kwana 9 ne, ana buɗewa Asabar ɗin da ke gaban bikin godiya da Amurkawa ke yi a Nuwamba, ga rigata ruwan lemo can a rataye, dole ne sai da riga mai launi mai haske irinta. Waɗannan harsasai 15 ɗin da ke cikin akwati na raba su uku uku, na rubuta komai a jikin takarda, Asabar in Allah ya kai mu zan kai su filin gwaji ku ga wane rukuni ramukansa suka fi haɗuwa wuri ɗaya. Magariba ta yi, bari in kulle albarushin nan in hau sama, sai mun haɗu.