Kwarashi a Hannu, Katin Zaɓe a Jaka

Wata malamar makaranta mai ritaya ce ta gabatar da wannan lacca ga matan wata Islamiyya a Tudun Wada, Kaduna, cikin hunturu. Da waya aka naɗa. Mun cire doguwar gaisuwar farko da wuraren da hayaniyar yara ta danne murya.

Iyayena, yayyena da ƙannena, ku yi mini afuwa, zan yi magana ina saƙa. Ba raini ba ne. In na ajiye kwarashin nan bakina ma tsayawa yake. Hular jikata ce, saura baki kawai, kuma na yi mata alkawarin gobe da ita za ta tafi makaranta.

A Kakuri na tashi. Mahaifina, Allah ya jiƙansa, a ɗaya daga cikin masaƙun nan ya yi aiki. 'Yan matan da ke baya can ba su san Kakurin da nake nufi ba. Masaƙar KTL ta fara aiki a 1957, ta rufe a 2002, kuma tsakanin nan jiniyar canjin aiki ce agogon unguwa. Amma ni ba a masaƙa na koyi zare ba. Wata maƙwabciyarmu ce, 'yar kudancin Kaduna, ta koya mini da tsinken tsintsiya guda biyu. Ba mu da kuɗin sabon ulu, sai mu samo tsohuwar suwaita ta gwanjo mu warware. Zaren yakan fito a nannaɗe kamar gashin tunkiya, sai ta jiƙa shi a ruwan ɗumi, ta rataya masa dutse ya kwana, da safe ya miƙe sarai. Bayan rikicin 2000 ta koma ƙetaren kogi, mu muka dawo nan. Har yau takan hau mota ta zo zaman saƙar da muke yi in ƙafarta ta bar ta.

To, me ya haɗa wannan da siyasa?

Bari in fara da abin da kuka sani. Lokacin kamfe ya yi, sai ga shugabar mata ta aiko: gobe a fito. A kawo bas, a raba atamfa ko hijabi mai hoton ɗan takara, a kwashe mu zuwa Dandalin Murtala. Mu wuni a rana muna guɗa, ba wadda ta ji abin da aka faɗa a lasifika. Da yamma a ba ki kuɗin mota, wani lokaci ma rabinsa ya maƙale a hanya. Na yi wannan, ba sau ɗaya ba, don haka ba gorin kowa nake yi ba. Amma kada mu kira shi aikin sa-kai. Haya ce. An ɗauke ki wuni guda kamar yadda ake ɗaukar kujeru da rumfa, an gama an mayar da ke.

'Yar sa-kai ita ce wadda ba a aiko ta ba, kuma ba a iya sallamarta, don ba a ɗauke ta aiki ba balle a kore ta.

Kuri'ar nan da muke sayarwa da taliya da sabulu, ba a tsinto ta a hanya ba. A zaɓen 1959 matan kudu sun jefa kuri'a, matan Arewa suna gida. Sai a 1976, a zaɓen ƙananan hukumomi, aka fara barinmu, sannan babban zaɓen 1979. Ina da wayona lokacin, na ga mahaifiyata ta sa mayafin da take zuwa biki da shi ta tafi layi. Hajiya Gambo Sawaba ta Zariya, wadda ta jagoranci matan jam'iyyar NEPU ta Malam Aminu Kano, ana lissafa mata ɗauri sau 16. Ta sha duka, aka aske mata kai. Gida-gida take shiga, wurin matan kulle, ta zauna da su. Ku riƙe wannan kalmar: ta zauna.

Don zaman shi ne abin da na zo in faɗa muku. Duk ranar Alhamis bayan la'asar mata sukan taru a tsakar gidana, wani mako goma, wani mako shida in ana biki a unguwa. Kowa da ledar zarenta. Mai saƙa safar jarirai, mai shawul, mai hular sanyi. Abin da na lura da shi cikin shekarun nan, mace in hannunta na aiki, idonta na kan zare, takan faɗi abin da ba za ta faɗa ba in kin zaunar da ita kin ce taro za a yi. In na ce muku ku zo gidana taron siyasa, mazanku ma ba za su bari ba, ku ma za ku tambayi nawa za a bayar. Amma koyon saƙa? Har kishiya takan rako kishiya.

A wannan zaman ne, kafin zaɓen 2023, muka ce kowa ta zo da katinta mu gani. Abin dariya, abin kuka. Wata amarya an kawo ta daga Rigasa, katinta na can. Rigasa kuwa Igabi ce, mu nan Kaduna ta Kudu muke, ko ta je akwatinmu ba sunanta. Wata ta yi rajista ba ta taɓa karɓar katin ba, tana ajiye da 'yar takardar da aka ba ta a cikin kwalla, ta ɗauka shi ke nan. Wata katin na aljihun maigida. Muka rarraba kanmu bibbiyu, ana raka juna ofishin INEC. Layin nan mai cin rai, da saƙa muka cinye shi. A faɗin Najeriya mutum sama da miliyan 93 suka yi rajista a wancan zaɓe, amma kuri'un da aka jefa ranar 25 ga Fabrairu ba su kai miliyan 25 ba. Idan ana neman inda sauran suka shiga, wasunsu a cikin kwalla suke.

Ranar zaɓe kuma, akwai abin da 'yan siyasa ke cewa: a kasa, a tsare, a raka. Mu mata mun iya kasawa, mu ne farkon layi tun asuba. Tsarewar ce ba mu yi, sai mu ce girki na jira. Ni na yi tuwona tun daren jiya, na ɗauki kujerar tsugunne na zauna daga gefe. Na ga na'urar tantance masu zaɓe, BVAS, tana duba yatsa, in yatsa ya ƙi, kamar na masu lalle da masu wanke-wanke, ta duba fuska. Da aka zo ƙirga, ana ɗaga kuri'a ɗaya-ɗaya muna amsawa. Mai saƙa ba ta ɓatan lissafi, 'yan'uwa, don kullum cikin ƙirga take, in ta tsallake ɗaya hular ta karkace. Aka rubuta sakamako a takardar EC8A, ejan-ejan suka sa hannu, aka manna kwafi, jikana ya ɗauka a waya. Kafin nan na gama safa ƙafa ɗaya da rabi.

Ba mu muka fara ba. A Faransa, zamanin juyin juya halinsu wajen 1793, matan talakawan Paris sukan zauna a wuraren taron siyasa suna saƙa suna sauraro. A Amurka ma, Janairun 2017, mata sun cika titunan Washington da huluna ruwan hoda da aka saƙa da hannu. Su hular ce tutarsu. Mu ba tuta muke saƙawa ba, jariranmu ne ke jin sanyi.

Inda aikin ya fi wuya shi ne bayan an rantsar da kowa. Jihar nan ƙananan hukumomi 23 ne, gundumomi 255, kowace da kansilanta. Ku ɗaga hannu, wa ta san sunan nata? [Dariya.] Hannu huɗu. Kun san ministoci a rediyo, ba ku san mutumin da gidansa ke bayan layinku ba. Mu sau uku muka je wa namu kan kwatar da ke malalo mana gida da damina. Zuwan farko ba ya nan. Na biyu ya ce a kawo a rubuce. Na uku muka kai a rubuce, muka baje zarenmu a barandar ofishin. An yashe kwatar, ba a gina ta ba. Bana ma za mu koma.

Ba zan ɓoye muku ba, an taɓa raba mana kai. Wani ɗan takara ya aiko zai saya mana injin saƙa, sharaɗin kawai a ɗauki hoto da shi. Muka yi mako biyu muna ja-in-ja. Ni na ce a'a, don a cikinmu akwai 'yan jam'iyya uku, ranar da hoton ya fita ranar zaman ya zama na mutum ɗaya. Mata biyu suka yi fushi suka daina zuwa, kuma ban ga laifinsu ba, inji yakan fitar da suwaita a wuni, hannu sai ya yi mako. Ɗayarsu ta dawo. Ɗayar har yau gaisuwar hanya ce tsakaninmu, kuma abin na damuna.

Hajiya daga can tana tambaya, wadda ba ta da na cefane fa, ta ƙi karɓar taliyar? Hajiya, ni ba zan ce wa mai jin yunwa ta ƙi abinci ba, ban isa ba. Abin da na gani da idona shi ne, wadda ta sayar da saitin kayan jariri biyu a satin suna, in aka miƙo mata leda ranar zaɓe tana iya kallon mai miƙowar ido cikin ido. Karɓa ko ƙi, wannan nata ne, amma ba ta rantse masa da Alƙur'ani ba.

Na ji an fara kiran salla. Mai son zuwa Alhamis, ta biya Kasuwar Barci ta sayi kwarashi da ulu dunƙule ɗaya, mai haske, don baƙin zare yana wahalar da ɗan koyo. Wadda ba ta da hali ta zo da tsohuwar suwaita, za mu warware tare. Ta haɗo da katinta a jaka.