Darasin Go: Kiran Fonkshin Daga Wata Fakej

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da sake haɗuwa daga nan Jos. Yau muna kan Go, yaren da Google ya fitar a 2009. Aikinmu shi ne mu rubuta fonkshin (guntun umarni mai suna, mai yin aiki ɗaya) a wata fakej (tarin fayilolin Go da ke folda ɗaya), mu kira shi daga main, inda shirin ke farawa.

Ku buɗe folda mai suna kasuwa, ku shiga ciki, ku buga go mod init kasuwa. Fayil ɗin go.mod zai fito, kuma sunan da ke cikinsa shi ne tushen duk adireshin da za ku sa a import. Sai ƙaramar folda, lissafi, da fayil lissafi.go a cikinta. Layin farko package lissafi. A ƙasa ku rubuta func Jimla(buhu int, farashi int) int, ya dawo da buhu * farashi. Lissafin buhunan dankali ne kawai, irin na Farin Gada.

A main.go, bayan package main, ku sa import "kasuwa/lissafi" tare da "fmt", fakej ɗin Go mai fitar da rubutu a allo. Cikin func main, ku rubuta fmt.Println(lissafi.Jimla(12, 40000)). Ku buga go run, ku bar sarari, sannan ku sa ɗigo. Kun gani? 480000.

To, ku dubi J ɗin nan da kyau, babba ce. A Go babu wata kalma ta musamman da ke buɗe fonkshin ga waje, harafin farko ne ke yin aikin. Babba, kowace fakej za ta iya kiransa. Ƙarami, sai 'yan gida kaɗai. Ku mayar da ita jimla ku gwada, kwamfaila, mai fassara rubutunku zuwa yaren na'ura, zai ƙi, ko da kun rubuta adireshin daidai. Haka dokar take ga filayen struct, wato tsarin da ke haɗa bayanai wuri ɗaya. Ga mai tambaya kan haruffa masu ƙugiya, Ƙ da Ɗ da Ɓ ma manyan haruffa ne a wurin Go, saboda haka Ƙirga zai fita waje lafiya. Amma sunan folda, ku bar shi ba ƙugiya.

Ɗigon nan na go run ba ado ba ne. In kun rubuta go run main.go, wannan fayil ɗin kaɗai zai ɗauka daga main, abin da kuka kira daga sauran fayilolin da ke gefensa sai ya ce muku undefined.

In kun shigo da fakej ba ku yi amfani da ita ba, kwamfaila zai tsaya da imported and not used. Ku goge layin.

Mai wahalar ita ce import cycle not allowed: misali, lissafi ta shigo da wata fakej mai suna ajiya, ajiya kuma ta shigo da lissafi. Kwamfaila yana gina fakej ne bayan ya gama waɗanda ta dogara da su, to da wacce zai fara? Ku cire abin da suke buƙata su biyun, ku kai shi fakej ta uku, kowacce ta ɗauko daga can.