Kafin Ka Sayi Kayan Ɗaga Ƙarfe Na Gida, Ɗauko Tef Ɗin Awo

Jama'a, barkanmu da warhaka. Duk mai shirin haɗa wajen ɗaga ƙarfe a gidansa, tef ɗin awo zai fara ɗauka kafin ya taɓa aljihu.

Ga dalili. Cikakkiyar sandar ɗaga ƙarfe irin ta Olamfik tsawonta mita 2.2 ne, nauyinta kilo 20. Ka bar aƙalla rabin mita ta kowane gefe, inda za ka tsaya kana zura fayafai, wato ƙarafan nauyi masu rami a tsakiya, kana zarewa. Ke nan sai faɗin wurin ya haura mita 3. Sai kuma sama: ka miƙe tsaye, ka ɗaga hannuwanka duka biyu, ka ƙara santimita 25 a kai, domin babban faifai faɗinsa santimita 45 ne, rabinsa kuma yana saman sanda. In akwai fanka a silin, a lissafa da ita.

Yanzu ga inda kuɗin mutane da yawa ke salwanta: ramin faifai. Bakin sandar Olamfik kaurinsa milimita 50 ne. Ƙananan sanduna kuwa akwai mai 25, akwai mai 30. Faifan ƙaramar sanda ba zai shiga babba ba, faifan babba kuma in ka zura shi a ƙarama sai ya riƙa lilo. Saboda haka ka tsayar da iri ɗaya tun ranar farko. In kana da niyyar daɗewa a harkar, ɗauki mai 50. Ƙananan sanduna masu araha suna iya lanƙwashewa idan nauyi ya yi yawa, kuma sandar da ta lanƙwashe ta gama aiki.

Wajen sayen fayafai, ido yakan tafi kan manya. Amma ƙanana su ne ke kai mutum gaba. Ka sayi bibbiyu na kilo 1.25, 2.5, 5, 10 da 20. Da sandar, jimla kilo 97.5 ke nan, kuma za ka iya ƙara kilo 2.5 kacal a lokaci guda. Wanda ba shi da ƙananan, dole ya yi tsalle daga 40 zuwa 50, daga nan sai ya tsaya cak, ko kafaɗa ta fara ciwo. Faifan roba mai siminti a ciki yana da sauƙin kuɗi, sai dai yana da kauri, yana cinye bakin sanda, in ya faɗi kuma ya tsage. Na zubin ƙarfe ya fi.

Sai keji, wato firam ɗin ƙarfe mai ƙafa huɗu da ake ɗora sanda a kai. Mai motsa jiki shi kaɗai kada ya yi rowa a nan. Abin dubawa shi ne sandunan tsaro na gefe. Ka saita su ƙasa kaɗan da inda sanda ke sauka, ta yadda in ƙarfi ya ƙare kana kwance a benci, ƙarfen ya sauka a kansu maimakon ƙirjinka ko wuyanka. Ka nemi wanda kaurin ƙarfensa ya kai milimita 2 zuwa 3, ka karanta nauyin da kamfanin ya ce yana ɗauka, ka kama shi ka girgiza. In yana rawa babu kaya a kai, ka bar shi.

Benci kuma tsayinsa kada ya wuce santimita 45, don tafin ƙafarka ya zauna daram a ƙasa. Adadin nauyin da aka rubuta a jikinsa cewa yana ɗauka ya haɗa da nauyin jikinka, mutane suna mance wannan.

In ɗakin ya yi kaɗan, dambel (gajeren ƙarfen da ake ɗagawa da hannu ɗaya) mai sauya nauyi da benci ɗaya sun isa aiki mai yawa. Amma dambel ɗin da ake juya makulli a sauya nauyinsa ba a jefar da shi ƙasa, domin akwai haƙoran roba a ciki, da zarar sun karye faifai na iya suɓucewa. Igiyoyin roba na ja kuwa a ɓoye su daga rana, a duba tsaga kafin a ja.

Ƙasa tana buƙatar shimfiɗar roba mai kaurin kamar santimita 2. Siririyar tabarmar motsa jiki ba za ta hana tayil fashewa ba.

Kayan hannu na biyu ba laifi, musamman fayafan ƙarfe, tsatsar sama buroshin waya ne maganinta. Sanda ce ke son bincike. Ka kwantar da ita a kan daɓe marar tudu da kwari, ka gangara ta: in bakinta yana hawa yana sauka, a lanƙwashe take. Ka juya bakunan biyu da hannu, ya kamata su juya sumul ba tare da ƙara ba. A jikin keji da benci kuma, ka haska fitila a kan kowace walda, ka ƙirga noti da kusoshi kafin ka biya.